Ranar da Hajiya Ta Koma Ƙarshen Layi

Shekara goma sha tara na yi ina kiran salla a masallacin lungunmu da ke Dukawuya. Ba albashi ake ba ni ba, ba kuma naɗa ni aka yi ba. Ladanin da na gada tsufa ne ya ci muryarsa, wata rana da la'asar liman ya dube ni ya ce, "Tashi ka kira." Na tashi na kira, shi ke nan na zama ladan. Sana'ata wankin hula ce, a wata 'yar rumfa da ke kallon ƙofar masallacin. Ko hannuna na cikin kumfa, idona na kan inuwar katanga. In ta kai inda na sani sai in ɗauraye hannu in tsallaka. Mutanen lungu sun manta sunana na yanka. Malam Ladan kowa ke ce mini, har matata in tana jin tsokana.

Na fara da wannan ne don a san abin da na tafi da shi filin firamare ranar da zan ba da labarinta.

Akwai wata Hajiya a lungunmu, gida na huɗu daga masallaci. Tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce, mijinta ya rasu, ta dawo gidan da aka haife ta. Kakanta Banufe ne, saƙa ce ta kawo shi Kano, ya yi aure a nan, ya mutu a nan. Shekara da shekaru ba wanda ya tuna da wannan.

Wata damina kududdufin bayan unguwa ya cika, kwatar da ke ɗauke ruwa ta toshe, ruwa ya shigo gidaje ya kayar da katangu. Maza muka yi ta taruwa a ƙofar masallaci muna cewa ya kamata a yi wani abu. Ita ba ta zo taro ba. Takarda ta ɗauka ta bi gida gida tana karɓar sa hannu, za ta kai sakatariyar ƙaramar hukuma. Da ta zo rumfata ta miƙo mini biro, ni kuma na miƙa mata babban yatsana, don abin da na saba ke nan.

Ta dubi yatsan, ta dube ni. Ta ce, "Malam Ladan, muryarka tana kaiwa har bakin titi, amma sunanka sai da tawada a yatsa?"

Na ce, "Hajiya, allo na yi, boko ne ban yi ba."

Ta ce, "Wanda ya haddace izu ashirin, a b c ne zai gagare shi? Akwai ajin manya a firamare, Asabar da Lahadi, tsakanin la'asar da magariba. Ba zai hana ka kiran salla ba."

Ba da izgili ta faɗa ba. Ta dangwala mini yatsan, ta wuce rumfar tela. Asabar ta gaba na je ajin. Duk abin da nake rubutawa yanzu daga wannan magana ya fito, ko da yake malaminmu yana duba mini inda na karkace.

Sau ɗaya na raka ta sakatariya, ranar na ga irin yadda take aiki. Ba ta ɗaga murya. Benci ta samu a ƙofar ofishin mai kula da ayyuka, ta zauna da takardarta a cinya da gorar ruwanta a gefe. In ya fito ta miƙe ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi iyali, ta koma ta zauna. In ya dawo ta sake miƙewa. Tun hantsi har azahar haka. Ni na gaji na dawo bakin aikina. Ita ta yi ta komawa, har masinjojin suka fara ajiye mata bencin. Kafin damina ta zagayo an zo da mota an kwashe kwatar.

To sai lokacin zaɓen ƙananan hukumomi ya zo, aka ji Hajiya tana neman jam'iyyarmu ta tsayar da ita kansila. Abokin karawarta wani Alhaji ne mai harkar filaye. Iyakar sanina mutumin kirki ne, sai dai ranar ruwa ba mu gan shi ba. Aka ce fidda gwani za a yi irin na ƙato bayan ƙato: babu takarda, babu akwati, ɗan takara zai tsaya a fili, masu sonsa su yi layi a bayansa, a bi a ƙirga kawuna. Kowa yana ganin inda kowa ya tsaya.

A nan ne aka tuna da kakanta.

Rumfata ita ce majalisar lungu, don haka duk maganar a gabana aka yi ta. Mahaucin da ke kusa da ni ya ce, "Wai duk Kanawan da ke unguwar nan an rasa, sai jikar Banufe?"

Tela ya ce, "Kai kuma kakanka daga ina? Ba da jaki ya shigo ta Ƙofar Kabuga ba?"

Aka yi dariya. Mahauci ya ce, "Ko da jaki ya shigo, namiji ne ya hau jakin."

Wani ya ce, "Ni ba asalinta ne ya dame ni ba. Matar nan ta yi mana aiki, ba musu. Da a akwati ne, wallahi ita zan jefa wa. Amma in tsaya a bayan mace, rana tsaka, surukina yana kallo?"

Ya faɗi abin da ke zuciyar da yawa. Mu mutanen sahu ne. Tun muna yara mun san wanda ke gaba da wanda ke baya. In muka ga mutum ɗaya a gaba, jama'a a bayansa, ba abin da ke zuwa mana a rai sai liman da mamu. Ko a siyasa ne, idonmu haka yake gani.

Daren Alhamis bayan magariba liman ya juyo ya fuskanci jama'a. Dattijo ne da nake girmamawa. A hannunsa na yi karatun allo, shi ya ɗaura mini aure, shi ya yi wa 'ya'yana huɗuba. Ya ce ba ya shiga siyasa, amma wannan ta shigo masa gida. Ya kawo hadisi, ya yi bayani a kan shugabancin mace. Ya ce Hajiya kamar 'yarsa take, ba ya zarginta da komai, amma gaba ba wurinta ba ne. Sannan ya ce, "Kowa ya je ya tsaya inda ya ga dama, ba ni da sanda. Amma wanda ke da aiki a masallacin nan, in ya tsaya a bayan mace, ya ajiye aikin."

Bai dube ni ba. Bai kuma buƙaci ya dube ni ba, mu biyu ne masu aiki a masallacin, ni da shi.

Ni ba malami ba ne. Na je unguwar Kabara na tambayi wani malami da nake wanke wa hula. Ya ce malamai sun yi saɓani, kansila kuma ba liman ba ne, ba sarki ba ne, wakili ne da ake aika ya kai kukan unguwa. Ya ce, "Amma Malam Ladan, ni ba ni ne limaminka ba." Na dawo da nauyin da na tafi da shi.

Matata tana da katin jam'iyya, ita ma Hajiya ce ta sa ta yanka. Ta ce, "Ni dai zan je. Kai ka zauna ka wanke hulunanka, ba wanda zai ga laifinka."

Na ce, "To."

Ranar Asabar, ranar fidda gwanin, da safe na buɗe rumfa, na jiƙa huluna, na zauna. Hannuna ya ƙi aiki. Yatsan nan da ta duba nake ta kallo. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na rufe rumfa, na ce bari in je in yi kallo kawai.

Filin firamaren shi ne inda nake zuwa aji, na san kowace bishiya a cikinsa. Na tarar an cika. Wakilin jam'iyya da aka turo daga sama, wani siririn mutum mai gilashi, ya riga ya tsayar da 'yan takara. Layin Alhaji ya miƙe har gindin darbejiya, maza a gaba, mata a baya, ana ta shewa. Hajiya tana tsaye riƙe da hotonta da aka manna a kwali, bayanta mata ne kaɗan, ba su kai su cika aji ɗaya ba. Namiji ko ɗaya babu.

Amma mazan suna nan. A jikin katanga suke, jingim, sun fi na layin Alhaji yawa. Duk waɗanda ruwa ya ci wa gida ne, duk waɗanda suka sa hannu a takardarta. Ba su shiga layin Alhaji ba, ba su shiga nata ba. Wani yana duba waya, wani yana gyara takalmi, wani yana kallon sama kamar yana jiran hadari. Na je na jingina tare da su.

Hajiya ba ta kira sunan kowa ba. Ba ta ma dubi katangar ba. Gabanta take kallo, a tsaye cak, kamar yadda na gan ta a bencin sakatariya.

Wakilin ya duba agogo ya ce saura minti goma a fara ƙirga.

Ban san lokacin da bayana ya bar katanga ba. Na dai ji ƙafata tana taka yashi. Tsakanin katanga da layin bai fi taku talatin ba, amma ban taɓa yin tafiya mai nisansa ba. Na je ƙarshen layi na tsaya. Mace ta ƙarshe kuwa matata ce.

Ba ta juyo ba. Ta ce a hankali, "Ka san abin da kake yi?"

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "To matsa baya kaɗan, ka taka mini hijabi."

Sai dariya ta ɓarke daga layin Alhaji. Muryar mahauci na fara ji: "Ladan ya koma sahun mata! A ba shi ɗankwali!" Wani ya ce, "Ashe a gida ma haka ake yi!" Wani ya ɗaga murya yana kwaikwayon kiran sallata da siririyar murya. Na kafa ido a ƙasa na ce a raina, na riga na tsaya, sai a ƙirga.

Hayaniyar ce ta sa Hajiya ta waiwayo. Ta gan ni. Ta daɗe tana kallona, sannan a karon farko ta dubi mazan da ke jikin katanga, ɗaya bayan ɗaya. Na ga fuskarta ta canza, kamar ma'aikaciyar asibiti da ta gano inda ciwo yake.

Ta kira wakilin. Ta ce, "Ranka ya daɗe, tambaya gare ni. Inda ɗan takara bai samu zuwa ba, bayan me ake tsayawa?"

Ya ce, "Bayan hotonsa, Hajiya."

"Ko wa ya riƙe hoton?"

"Ko wa ya riƙe."

"Ni kuma ina da kati, ina da ikon shiga layi kamar kowa?"

Ya gyara gilashinsa ya ce, "Kina da shi."

Ta tako da kanta har ƙarshen layi, ta miƙo mini kwalin. Ta ce, "Malam Ladan, riƙe mini. Kada ka motsa daga inda kake." Sannan ta juya ga matan ta ce, "Ku zo mu koma inda muka saba."

Suka zagayo, ɗaya bayan ɗaya, suka wuce ta gefena suka jeru a bayana, suka bar 'yar tazara tsakanina da su. Hajiya ta je can ƙarshe, bayan kowa, ta tsaya. Ni ban ɗaga ƙafa ba, amma na tsinci kaina a gaban layi, babu kowa a gabana sai fili.

Wani daga ɓangaren Alhaji ya taso yana cewa wannan ba tsari ba ne. Wakilin ya ce, "Nuna mini inda aka hana." Bai nuna ba.

Na ɗaga kwalin. Sai na dubi rubutun da ke ƙarƙashin hoton don in samu abin kallo. Na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake koya mana a ajin da ke bayana, na karanta sunanta da na mahaifinta. Shi ne karo na farko da na karanta wani abu a waje ba malami a kaina.

Tela ne ya fara barin katanga. Ya zo ya tsaya a bayana yana cewa, "Ai bin Ladan ba sabon abu ba ne, shekara nawa yana tashinmu da asuba." Sai wani ya biyo, sai wasu uku, sai katangar ta zube gaba ɗaya. Duk namijin da ya shigo, matan sai su ja da baya taku ɗaya su ba shi wuri. Hajiya ita ce ke fara ja.

Na waiwaya don in gani, kuma abin da na gani bai bar idona ba har yau. Tana tafiya da baya, taku ɗaya, ta tsaya, taku ɗaya, ta tsaya. Hannunta ɗaya a kafaɗar matar da ke gabanta. Ta wuce gindin darbejiya. Ta wuce famfo. Ta wuce ofishin hedimasta. Duk wanda ya zo domin ta, ƙara nesanta ta yake yi daga gaba, ita kuma tana ba shi wurin ba tare da ta ɓata fuska ba. Har ta kai ƙofar makaranta, ta fita da baya, ta tsaya a kan titi. Wani mai a-daidaita ya taka birki yana tambaya ko jana'iza ake jira. Daga inda nake ba na hango komai nata sai saman hijabinta.

Har mahauci ya daina tsokana. Na yi shekaru ina daidaita sahu, ina cewa a matso, a cike giɓi, ban taɓa ganin wanda ya san zuciyar mutanen sahu kamar matar nan ba.

Ana cikin ƙirga inuwa ta kai. Ko babu katangar masallaci jikina ya san lokaci. Na ce a raina ko in ba tela kwalin in ruga. Ban gama tunanin ba na ji lasifikarmu ta yi ƙara, irin ƙarar da take yi in an kunna ta, wadda na fi kowa sani. Sai wata murya ta ɗauki kiran azahar. Ƙanin liman ne, mai sayar da littattafai. Na tsaya riƙe da kwali ina amsa kiran sallar wani a masallacina.

Wakilin ya bi layi yana taɓa kafaɗu, ya fita har titi. Hajiya ce ya ƙirga ƙarshe. Ya dawo ya ce layinta ya fi. Ba a yi musu ba, don ido ya gani.

Bayan la'asar na sami liman a zaurensa. Na durƙusa na gaishe shi. Tela ya riga ni zuwa, yana ta bayani: "Allah gafarta Malam, ai Ladan a gaba yake, kowa shaida ne. Matan ne a baya."

Liman ya ce, "Haka aka gaya mini." Ya dube ni. "Haka ne?"

Ƙofa ce ya buɗe mini, na kuma gane. Da na ce haka ne, da an wuce wurin.

Na ce, "Allah gafarta Malam, daga baya ne na zama a gaba. Da farko a bayanta na tsaya, da saninna. Da ba ta koma baya ba, a nan za a ƙirga ni."

Tela ya dafe kai. Liman ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Da ka yi mini ƙarya da na raina tarbiyyata. Abin da na faɗa a gaban jama'a na faɗa. Kawo makullin."

Na ciro makullin akwatin lasifika daga aljihu na ajiye a kan buzunsa. Na miƙe zan fita, ya ce, "Da gaske har titi ta kai?"

Na ce, "Har titi."

Ya girgiza kai a hankali. Ya ce, "Ikon Allah."

Bayan mako biyu manyan jam'iyya suka zauna suka yi abin da suke kira masalaha. Suka ce Hajiya ta yi ƙoƙari, amma a babban zaɓe mutane ba za su zaɓi mace ba, abokan hamayya kuma za su yi ta maganar asalinta. Aka ba Alhaji takara. Ba a tambayi waɗanda suka yi layi har titi ba.

Ta zo rumfata da yamma, ta tsaya daga waje. Ta ce, "Malam Ladan, na jawo maka, ga shi ba a samu komai ba."

Na ce, "Hajiya, da ƙafata na je."

Ta ce, "Karatun fa?"

"Mun shiga rubuta wasiƙa."

Ta buɗe jaka ta ciro takarda. Kwatar ta fara toshewa kuma, za ta kai wa sabon kansila in an rantsar da shi. Ta miƙo mini biro. Na goge kumfa a jikin riga, na karɓa, na rubuta sunana. Na daɗe ina rubutawa, ta jira.

Makullin bai dawo ba. Ina salla a sahun farko kamar da, liman yana amsa gaisuwata kamar da, hularsa ma ni nake wanke masa. Yara ne suka fara rikicewa, ba su san yadda za su kira ni ba, amma manya har gobe Malam Ladan suke cewa. In inuwa ta kai inda na sani, hannuna yakan fita daga ruwa da kansa, sai in tuna, in mayar da shi, in jira lasifika ta yi ƙararta. Yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma duk Asabar in na shiga filin firamare da littafina, nakan tsaya a daidai wurin da na tsaya ranar, in waiwaya in dubi ƙofa, in ga nisan da ke tsakani.